Sirdin Keken Surukina

Tun da na dawo daga Jibiya ban huta ba. Duk wanda ya kawo mini faci sai ya baje bisa bencina ya ce, "To Lawali, yaya Najeriya?" kamar wanda ya je Makka a ƙafa. Wasu ma ba keke suke kawowa ba, bakinsu kawai suke kawowa, su shanye mini shayi su tafi. Har wanda bai taɓa wuce Birnin Lalle ba yana gyara mini labari, wai shi ya ji an ce a can ba haka ake yi ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi aikina.

Ni mai gyaran keke ne. Shekara ashirin da wani abu ina ƙarƙashin rumfa ɗaya kusa da tashar Dakoro, kuma ban taɓa sha'awar zuwa ko'ina ba. Wanda ya fitar da ni surukina ne, mahaifin matata Ramatu, wanda duk gari ke kira Madugu. Da ƙuruciyarsa ayarin raƙuma yake ja, ya kai kanwa da dabino kudu ya dawo da hatsi. Fari ya cinye raƙuman ɗaya bayan ɗaya, sai ya koma keke, wani tsohon baƙin keke mai nauyin tsiya da ya girme ɗiyarsa. Saƙo ya zo cewa yayarsa Hajo, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Jibiya, tana kwance tana kiran sunansa. Aka ce ya shiga mota, ya ce shi ba buhun gero ba ne da za a loda shi a ɗaure da igiya.

Ramatu ce ta turo keken har rumfata, ta jingine shi. Ta ce, "Maigida, Baba ya ce da keke za shi, ka kau san in ya hwaɗi magana ta zauna. Kai za ka raka shi. Ya kuma ce a ɗaga mashi sirdi, wai ji yake kamar bisa jaki yake."

A nan sai na tsaya in yi muku karatu, don yawancinku hawa kawai kuka sani. Ba a ɗaga sirdi da ka. Mai keke zai tsaya a gefensa, sirdin ya zo daidai ƙashin ƙugunsa. Sai ya hau a riƙe masa, ya ɗora dunduniya bisa feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe ba tare da ya karkata ba, an dace. Ƙarfen da ke ɗauke da sirdin yana da zane da masu ƙera shi suka yi, kuma zanen nan dole ya ɓace cikin bututun keke. Muddin kana ganinsa a waje, abin da ya rage a ciki bai isa ya ɗauki mutum ba: ko ƙarfen ya karye, ko bakin bututun ya tsage. Kan keke ma da nasa zanen. In ka ɗaure shi, ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa, in kai ya juya taya ba ta juya ba, to ba ka yi komai ba. Wannan kullum nake faɗa wa mutane, ina zaginsu a kai.

To amma ku duba, duk abin da na lissafa sai ka taɓa mutum. Sai ka dafa ƙugunsa, ka ɗage masa riga ka kalli ƙafarsa, ka ce masa hau, ka ce masa sauka. Ni kuwa shekara goma sha bakwai ina auren ɗiyar mutumin nan ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, in na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Haka muka taso muka ga ana yi, ina kuma alfahari da hakan. Sai na ɗaga sirdin iya zane, Ramatu ta tura masa. Ta dawo da shi, wai a ƙara. Na ƙara yatsa biyu, zane ya fito fili yana kallona. Ta sake dawowa, wai a ƙara. A karo na uku abin da ya rage a cikin bututun bai fi yatsa biyu ba. Na yanko gwangwanin tumatir na naɗa masa, na ɗaure noti har kile, abin ɗaurin, ya ci mini tafin hannu. Da wani ne ya nemi in yi masa wannan aiki, da na kore shi da kekensa.

Na san abin da na yi. Daga ranar har muka dawo abu ɗaya ne a raina: yaushe ƙarfen nan zai ba da kai, kuma a ina. In a rairayi ne, da sauƙi. In bisa titin gudron ne a guje, gaban babbar mota, to ni na kashe uban matata da kilena.

Muka fita bayan sallar asuba. Sai da ya taka turmi kafin ya hau, don daga ƙasa ba ya kaiwa. Da ya zauna, da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa feda, ƙugunsa na zuwa dama na zuwa hagu. Amma bayansa a miƙe, rawani a naɗe, yana kallon mutane daga sama. Ni ina biye a baya, kamar yadda ya kamata, da akwatin kayan aiki da salkar ruwa. Masu tambayata yadda ƙasar take, ko gonaki sun yi kyau, ko akwai itatuwa, ku tambayi wani. Ni ban ga komai ba sai wani ɗan farin ƙarfe yana lanƙwasa yana miƙewa ƙarƙashin babbar riga.

Maganarmu a hanya ma abin dariya ce ga wanda bai san mu ba. Ba ya yi da ni, ba na yi da shi. Sai ya kalli sama ya ce, "Da da ruwa kusa, da an sha." Ni kuma in sauka in ajiye a gindin itace in ce wa itacen, "Ga ruwa nan an aje." Haka muka yi ta hira da iska da itatuwa har Jibiya.

Kafin mu kai Kornaka wata babbar mota cike da raguna ta taho tana hon, ya kauce mata ya faɗa rairayi. Rairayi ya kama taya, ya murɗa kan keke, kai ya juya, taya ta ƙi, ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Ashe da daddaren da za mu taso ya kwance kan keken da kansa ya miƙar da shi sama, bai kuma ɗaure da kyau ba. Me kuke tsammani na yi? Na juya baya. Ba a ganin faɗuwar suruki. Na tsaya ina kallon gonar wani kamar zan saye ta, har na ji ya gama kakkaɓe riga. Ya ce wa iska, "Rairayin bana ya hi na bara zurhi." Da ya tsaya sallar azahar na ɗaure kan da kyau, na saci jiki na sauke sirdin yatsa ɗaya.

A Kornaka muka sauka gidan tsohon abokin tafiyarsa, Malam Idi mai kanwa. Aka kawo fura mai sanyi da tuwon gero miyar kuka, su biyu suka zauna a zaure suna tuna rijiyoyin da suka sha da waɗanda suka tarar a bushe. Ni aka kai mini nawa bayan rumbu, na ci tare da jakin gidan, wanda bai ɗauke ido daga kwanona ba. Da safe na duba keke, sai na ga sirdi ya koma inda yake, har da ƙari, noti kuma duk an tattauna shi. Ashe ya aro awartaki wurin maƙerin unguwa. Yana ɗaure kayansa ya ce, "Kekenga ya koyi durƙuso in an ba shi baya. An maida shi wurinshi."

Na ja Malam Idi gefe na roƙe shi. Na ce, "Baba Idi, don Allah ka yi mashi magana. Ƙarhen nan ba shi da sauran abin kamawa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni? Shekara nawa munka yi muna tahiya tare, ban taɓa ganin ya sauko don maganar wani ba. Kai ne mai gyara, kai ka san abin da ka yi." Ya koma kan gorar furarsa. Abokin shekara da shekaru ke nan, ko yatsa bai ɗaga ba.

Kwana biyu muka yi kafin Maradi. Garin nan ban san abin da ake yabo a cikinsa ba. Ƴan kabu-kabu na shiga ta dama suna fita ta hagu, kowa na hon, ba mai gaida kowa. Duk tsayawar da za a yi sai tsohon ya nemi dakali ko kututture ya dafa da ƙafa, in babu sai ya dirgo, sirdin ya yi ƙara. Muka sauka zauren wani ɗan kasuwar hatsi, cikin buhuna, inda ɓeraye suka fi mu sanin gidan. Abincinsu shinkafa ce tana iyo cikin mai, wai ita ce cin ƴan birni. Da na samu sarari na zaga wurin masu kayan keke ina neman ƙarfe mai tsawo, ko ya rage mini rabin tsoro. Ba wanda ya shiga bututun keken nan, ko ya yi kauri ko ya yi siriri. Ko da na samu ma, ai ba zai ƙara wa tsohon tsawon ƙafa ba.

A bakin gari muka ci karo da wasu masu keke da ban taɓa ganin irinsu ba. Manyan mutane ne, ma'aikatan biro masu aikin takarda, da tumbinsu, sun matse cikin wando kamar an shafa musu da fenti, da hula irin rabin ƙwarya, kai a ƙasa, baya a sama. Na tambaya ina za su, aka ce ba inda za su, su je ne su dawo, wai espor, motsa jiki. Mutum ya ƙoshi har ya rasa abin yi da ƙarfinsa. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya gefenmu ya kalli keken tsohon, ya zuba faransanci yana nuna sirdi, yana cewa ya wuce iyaka, haɗari ne. Tsohon ya tambayi iska, "Mi wanga ke cewa?" Na ce wa iska, "Gaisuwa yake." Na harari mutumin har ya wuce. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiya daga bakin wanda bai sa wandon kirki ba tana da ɗaci.

Bayan Dan Issa muka iso iyaka. Aka ce a kawo katin ɗan ƙasa. Nawa lafiya lau. Na tsohon kuwa an taɓa wanke shi cikin aljihun riga, hoto na nan, suna ya goge. Shi yana can nesa riƙe da kekensa yana kallon gabas, don a ganinsa wanda ya ratsa wurin nan da raƙuma tun ba a kafa shinge ba ya wuce a tambaye shi. Sai ma'aikacin ya juyo kaina da abin rubutu a hannu.

"Mi sunan tsohon?"

Na kalli takalmina.

"Malam, da kai nike. Ba tare kuke ba?"

Na ce, "Tare muke, ranka shi daɗe. Sunanshi sunan Annabin da kihi ya haɗiye."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi tsohon, sai ya fashe da dariya ya kira abokin aikinsa. Ya ce, "Surukinka ne ke nan. Allah shi ba ka haƙuri." Ya rubuta, ya miƙo mana katunanmu. Ko a takardar nan ba zan rubuta sunan ba, wanda ya yi makarantar allo ya gane.

Da muka tsallaka, Hausa dai ita ce, amma an zuba mata wani abu. Kile sun ce sifana, gudron sun ce kwalta, in ka ce biro za ka sai su miƙo maka abin rubutu. Shayinsu kuwa cin mutunci ne. Mu nan a dafa shi a ƴar buta bisa gawayi, ya yi ɗaci ya yi kumfa, a ba ka a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, ka ji shi har ƙwaƙwalwa. Su ko sai mutum ya ɗauko kofi kamar na alwala, ya cika da ruwan zafi da madara, ya yi ta ɗaga hannu sama yana zubawa kamar mai wasa, ya haɗa ka da burodin da za ka iya matashi da shi. Na sha don yunwa. Ga garin rogo da suke jiƙawa da ruwan sanyi su ce sun ci abinci, alhali ga gero Allah ya ba su.

A Jibiya tayata ta yi faci, ruwan facina kuma ya bushe a hanya, sai na nemi rumfar mai gyara. Tsohon ya jingine kekensa nan ya shiga masallaci. Mai rumfar, Bala sunansa, na tarar da shi bisa benci ɗaya da wani dattijo, kwano ɗaya a tsakaninsu, suna cin awara, har yana ture hannun dattijon daga wadda ya fi so. Da bakinsa cike ya ce mini, "Surukina ne, kullum nan yake wuni." Na ji kamar in tofar da yawu. Na ce a raina, ga inda duniya ta ƙare, mutum na kokawar awara da uban matarsa.

Yana miƙo mini ruwan facin idonsa ya sauka kan baƙin keken. Ya ajiye kwano ya tashi ya zaga shi.

"Kai, wane jakin ne ya ɗaga wannan sirdin?"

Na ce, "Wani ne can garinmu."

"To in ka koma ka ce masa ya bar gyaran keke ya koma kiwon awaki. Zo ka gani." Ya kama yatsana ya bi da shi bakin bututun. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta fara daga sama ta gangaro. Ya ce, "Wannan ba zai kai ku gida ba. In ya ɓalle yana cikin gudu, ƙarfen nan a jikinsa zai ƙare. Na tsohon nan ne? Bari ya fito in gaya masa."

Na riƙe masa hannu na ce ya bari, ni zan gaya masa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi akwatin kayan aikina, na ga ya gane ko wane ne jakin. Ya koma kan awararsa. Na raina mutumin nan iya raini, kuma a cikin minti biyu ya yi niyyar yin abin da na kasa yi cikin kwana biyar.

Da la'asar muka shiga ƙauyen. Tun daga nesa tsohon ya gyara rawani ya ƙara miƙewa. Mata suka fito, aka tallabo Inna Hajo zuwa bakin ƙofa, ta rame sai idanu, idanun ma sun yi hazo. Ta ɗaga kai tana laluben inda yake, ta ce, "Ɗan'uwana, har yanzu bisa kake." Sai ta fashe da kuka, shi kuma ya yi ta gyaran murya.

Kwana uku muka yi. Sun karɓe mu hannu biyu, ban da abin cewa, sai dai an sha kawo mana kwano ɗaya ni da shi, kullum sai na yi ƙaryar ciwon ciki. A rana ta biyu na samu Inna Hajo ita kaɗai, na durƙusa na gaya mata komai, don ita ce mutum ɗaya a duniya da za ta ce masa sauka ya sauka. 

Ta ce, "Ɗana, da can in ya taho, tun gero na tsaye muke hango rawaninshi bisa kan gero. Shekarar da raƙuman sunka ƙare ya zo mani a ƙasa. Bai shigo gari ba sai da rana ta hwaɗi, don kar a gan shi. Ba shi da sauran komi sai tsawon nan. Ka bar mashi abinshi."

Na fito na zauna bayan gida. A ranar na daina jin haushinsa, tausayinsa ya kama ni, kuma tausayin ya fi haushin nauyi. Da safen da za mu taso na duba tsagar, ta buɗe har farcena na shiga.

Muka tsallako iyaka lafiya. Ina biye, ina jin sirdin na ƙis-ƙis duk takun da ya yi, hancin sirdin kuma ya fara kallon sama. Gab da Maradi akwai inda hanya ke gangarawa wajen gulbi, manyan motoci na bin ta a guje. Na hango gangaren. Na hango wata mota ta taho daga baya da lodin buhuna. Ban yi wani dogon tunani ba, na taka feda na wuce shi, abin da ban taɓa yi ba ko a ƙafa, na gitta kekena a gabansa na yar da shi. Ya ja birki, ya nemi ƙasa da ƙafa bai samu ba, ya tafi zai kife. Na cafke kan keken, na matse tayar gaba tsakanin gwiwoyina, na tsayar da shi. Tsakanin fuskata da tasa bai fi taki ɗaya ba. Motar ta wuce mu da iskarta.

Na ce, "Baba, sauka."

Ya kalli sama ta bisa kaina ya ce, "Wa ke magana?"

"Ni ne, Baba, mijin ɗiyarka. Da kai nike. Sauka."

Ya sauka. Ko kile ban ɗauko ba, na kama sirdin na girgiza sau ɗaya, ya fito a hannuna da gwangwanin tumatir ɗinsa. Na nuna masa ɗan guntun da ke ciki, na nuna masa zanen, na kama yatsansa na bi da shi kan tsagar. Na ce, "Ni na yi wanga aiki, na kuma san ba daidai ba ne tun ranar da na yi shi. Kunyarka ta hana ni hwaɗi. Na hi son a ce ina da kunya da a ce kana da rai, wannan kau ba kunya ba ce, rashin kirki ne. Tsaya nan gehen keke."

Ya tsaya. Wasu mata masu tallan fura suka dakata suna kallo. Na sa hannu na lalubi ƙashin ƙugunsa ta bisa riga, na tura ƙarfen ciki har ya wuce tsagar da nisa, na sa sabon noti, na ƙara ɗaurin ƙarfe a bakin bututun. Na sauke kan shi ma har zanensa ya ɓace, na daidaita shi da taya na ɗaure. Na ce ya hau, ya hau ba turmi ba dakali. Na ɗage gefen rigarsa na ce ya ɗora dunduniya bisa feda. Ƙafar ta miƙe daidai. Na saki keken na koma baya.

Ya gangara lafiya. Ƙugunsa ya daina rawa, tafiyarsa ta ƙara sauri, in an tsaya sai ya sa ƙafa ƙasa kamar kowa. Aiki ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Ina biye ina kallonsa, sai a ranar na fara ganin ashe surukina gajere ne. Wani ɗan tsoho ne kawai bisa tsohon keke, masu kabu-kabu na yi masa tsawa ya kauce.

Daga nan har gida bai ƙara magana ba, ko da iska. A Kornaka bai tsaya gidan Malam Idi ba, a masallacin bakin hanya muka kwana. Da muka hango gidajen farko na Dakoro sai ya tsaya, ya sauka, ya kama keken yana turawa. Na sauka ni ma. Haka muka ratsa gari a ƙafa, ana yi mana barka da zuwa, yana amsawa da hannu. A ƙofar gidansa ya jingine keken a bango, ya juyo ya dube ni cikin ido.

Ya ce, "Lawali." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Aikinka ya yi. Tun Maradi gwiwata ba ta yi ciwo ba. Ɗauke shi ka kai rumhwarka, ni na gama hawa."

Na durƙusa na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba laifina ba ne, ya shige gida.

Da za a maida ni bakin gangaren nan, zan sake tare shi, ba na shakka. Amma kar wanda ya ce mini na yi abin kirki, don ba na jin daɗinsa. Na maido shi gida ko ƙwarzane babu, yanzu da sanda yake zuwa masallaci, kuma tun ranar bai sake hawa komai ba.